Toshiro Mifune Bai Ci Amanar Kowa Ba

A azumin bara, bayan an idar da asham, muna zaune a ƙofar gida ni da wani abokina malamin makaranta, sai na kunna masa farkon fim ɗin Yojimbo a wayata. Wurin nan ne da ake nuno mutum ta baya, shi kaɗai a kan turba, rigarsa duk ta yamutse, ya girgiza kafaɗa kamar wanda ƙwarƙwata ta addaba, ya zaro hannu ta wuyan riga ya sosa kai. Da ya rasa inda zai nufa sai ya tsinci kara ya cilla sama, inda karan ya nuna nan ya bi. Ko kalma ɗaya bai furta ba, amma ka riga ka san ko wane iri ne: ba gida, ba ubangida, ba kuma abin da ya dame shi. Abokina ya gama kallo ya miƙo mini wayar ya ce, "Ai wannan yaron Kurosawa ne. Ranar da ya bar maigidansa, ranar ya ƙare."

Ba shi ya ƙago wannan magana ba, karanta ta ya yi. An daɗe ana maimaita ta a rubuce-rubucen masu sharhin fim: wai Toshiro Mifune, ɗan wasan Japan ɗin nan da ya cilla karan, yumɓu ne, darakta Akira Kurosawa ne maginin tukunya, kuma tun da suka daina aiki tare a 1965 yumɓun ya koma taɓo, yana bin kuɗi daga talabijin zuwa Hollywood. Ni na ƙi wannan hukunci, kuma na ƙi shi da zafin da ya wuce wanda ya kamata mutum ya yi a kan wani Bajapane da ya mutu tun 1997. Zan faɗi dalilin zafin a gaba. Abin da nake cewa dai shi ne, gwanintar mutumin nan tasa ce ba ta aro ba, kuma fitarsa daga inuwar Kurosawa ba lalacewa ba ce, ba kuma cin amana ba ne.

Wani zai ce shi ko sunan bai taɓa ji ba. Ni ma a yarintata ban taɓa ganin fim ɗin Japan a silima ba, daga Indiya sai Cana sai kaboyi. Amma duk wanda ya kalli Sholay ya sha romon wannan tukunya. Labarin ƙauyen da 'yan fashi suka gallaba har aka ɗauko hayar mayaƙa su kare shi, tushensa Shichinin no Samurai ne, wato Samurai Bakwai, na 1954. Amurkawa suka mai da shi fim ɗin kaboyi a 1960 da sunan The Magnificent Seven, daga baya ya gangara Indiya. Shi kuwa Yojimbo na 1961, Sergio Leone ɗan Italiya ya kwafe shi kusan fage bayan fage a 1964, ya sa Clint Eastwood a gurbin Mifune, har aka kai ƙara, aka sasanta da ba Kurosawa kaso daga cinikin fim ɗin. Jarumin nan mai ɓoye sunansa, mai ƙarancin magana, da ya shigo gari ya haɗa gungun 'yan ta'adda biyu faɗa, Mifune ne ya fara yi masa tafiya da kallo. Shi tsinke yake taunawa, Eastwood ya canza da sigari.

An haifi Mifune ranar 1 ga Afrilu 1920 a Qingdao ta ƙasar Sin, iyayensa Japanawa ne mazauna can. Ya girma a Dalian, inda mahaifinsa ke da shagon ɗaukar hoto, kuma a shagon ya koyi riƙe kamara. Yana wajen shekara 20 aka ɗebe shi soja, aka sa shi sashen ɗaukar hoto daga jirgin sama. Da aka ci Japan da yaƙi a 1945 ya fito ba uwa ba uba, a ƙasar da ake cewa tasa ce amma ba a cikinta ya tashi ba. A 1946 ya je kamfanin fim na Toho neman aikin mataimakin mai kamara. Ba wasan kwaikwayo ya je nema ba. Takardarsa ce ta faɗa cikin ta masu gasar sababbin fuskoki.

Kurosawa da kansa ya ba da labarin ranar a littafin tarihin rayuwarsa. Yana bakin aiki aka zo aka ce ya zo ya ga wani saurayi. Ya leƙa ɗakin gwaji ya tarar da mutum yana zagaye wuri a fusace kamar naman dajin da aka ritsa, don an ce masa ya nuna fushi. Da ya gama sai ya zube a kujera yana harar alƙalai. Su kuwa suka ɗauka fitsara ce, ƙuri'a ta kayar da shi. Kurosawa ya yi musu gardama, daga ƙarshe shugaban kwamitin, Kajiro Yamamoto, wanda shi ne ya koya wa Kurosawa aiki, ya ce ya ɗauki alhakin yaron a wuyansa. To, a dubi abin da ya faru a ɗakin nan da kyau. Abin da ya daskarar da Kurosawa a bakin ƙofa, ba wanda ya koya wa Mifune shi. Da kayansa ya zo. Fim ɗinsa na farko ma a 1947 Senkichi Taniguchi ne ya ba da umarni, ko da yake da hannun Kurosawa a rubutun labarin.

Fim na farko da Kurosawa ya ba shi umarni shi ne Yoidore Tenshi a 1948. Labarin wani likita ne mashayi a unguwar talakawa, wanda Takashi Shimura ya fito a matsayinsa, shi kuma Mifune aka ba shi ɗan daba mai tarin fuka. Likitan ne aka tsara ya zama jigon labari. Ɗan dabar ya ƙwace fim ɗin, kuma Kurosawa bai ɓoye ba, ya rubuta cewa ƙarfin yaron ya rinjayi tsarin da ya yi, shi kuma ya ga asara ce ya danne shi. Ya kuma ce abin da wani ɗan wasa zai buƙaci ƙafa goma ta zaren fim kafin ya isar, Mifune a ƙafa uku yake gamawa. Wannan ba maganar magini a kan yumɓu ba ce. Maganar mahayi ce da ya samu dokin da ya fi linzaminsa.

Ɗauki Samurai Bakwai. Samurai su ne baraden sarakunan Japan na da. Da farko su shida ne a rubuce, kuma gwanin takobin nan mai shiru-shiru aka tanadar wa Mifune. Marubutan suka ga baraden duk sun cika kamun kai, babu mai sa ɗan kallo ya numfasa, sai aka ƙirƙiro na bakwai, Kikuchiyo, aka ba Mifune, aka sakar masa mara. Kikuchiyo ɗan manoma ne mai ƙaryar shi barde ne, yana yawo da zabgegen takobi da takardar asalin wani gida da ba nasu ba, wadda in an bi lissafinta shekararsa 13. Da farko abin dariya ne shi, yana tsalle yana zare ido yana ba yaran ƙauye nishaɗi. Sai ranar da ya tono sulke da kwalkwali da masu daga maɓoyar mutanen ƙauye, ya kwaso ya zube gaban sauran yana washe baki. Fuskokinsu suka canza, don sun gane kayan baraden da suka gudo daga fagen fama ne manoma suka tare suka kashe. Ɗaya daga cikinsu ya ce ji yake kamar ya karkashe 'yan ƙauyen. Nan Mifune, sanye da sulken mamaci, ya fashe da wata irin dariya, ya juyo yana zazzaga wa manoma zagi: maƙaryata ne, marowata, matsorata, sun ce ba su da komai amma a ɗaga katakon ƙasan ɗaki a ga shinkafa da gishiri da giya. Kana cewa ya bi bayan baraden ne. Sai murya ta karye. To wa ya mai da su haka? Ku ne. Ku ke ƙone ƙauyuka, ku kwashe amfanin gona, ku sa su aikin dole, ku ɗauke matansu. Ya durƙushe yana kuka. Babban cikinsu ya ɗago da ido jawur ya ce masa a hankali, ashe kai ɗan manoma ne. Ya tashi ya fice da gudu.

Marubuta sun rubuta kalmomin, darakta ya dasa kamara inda ya dace, ban hana su ladansu ba. Amma bi ta dariya zuwa zagi zuwa fushi zuwa kuka a numfashi ɗaya, ba tare da ɗan kallo ya ga ɗinkin da ya haɗa su ba, wannan ba a rubuta shi a takarda, ba a kuma ba da umarninsa. Ko dai yana jikin mutum ko babu.

Masu cewa ihu da zare ido kawai ya iya ba su kalli sauran ba. Yana ɗan shekara 35 ya fito a tsoho tukuf, mai masana'antar narka ƙarfe da tsoron bam ɗin nukiliya ya hana shi barci har yake son kwashe iyalinsa zuwa Brazil, a Ikimono no Kiroku na 1955. Wanda na fi so kuwa shi ne Tengoku to Jigoku na 1963, inda ba takobi ba doki. Ya fito a Gondo, babban jami'in kamfanin takalma a Yokohama, wanda ya jinginar da duk abin da ya mallaka don ya sayi rinjaye a kamfanin. A daren sai aka sace yaro, aka bugo waya ana neman yen miliyan 30. Ashe ɓarawon kuskure ya yi, ɗan direba ya ɗauka ba ɗan maigida ba, amma ya ce kuɗin dai sai an biya. Kusan awa guda ana cikin falo ɗaya, kana kallon mutum yana kokawa da kansa: ya biya ya tsiyace, ko ya ƙi a kashe ɗan wani. Bayan ya yarda zai biya, 'yan sanda suna ta fama da yadda za su ɓoye wani sinadari a jikin jakunkunan kuɗin. Sai ya ce a ɗauko masa tsofaffin kayan aikinsa na zamanin da yake yaron mai ɗinkin takalmi. Ya zauna daɓas a ƙasa da tufafinsa masu tsada, ya ja jaka ya fara farke ɗinki. 'Yan sandan suka tsaya suna kallonsa shiru. Ban san sau nawa na mayar da wannan wuri baya ba. Yadda hannunsa ya san basilla, sai ka rantse ya yi shekara goma a rumfar dukawa.

Akwai kuma abin da masu maganar "yaron Kurosawa" suke tsallakewa. In aka haɗa duka, finafinan da ya yi da darakta Hiroshi Inagaki sun fi waɗanda ya yi da Kurosawa yawa. Da Inagaki ya fito a Miyamoto Musashi, shahararren gwanin takobi, a finafinai uku tsakanin 1954 da 1956, kuma na farkonsu ya samu lambar Oscar ta girmamawa. Da Inagaki ya yi Muhomatsu no Issho, labarin talaka mai jan keken ɗaukar mutane da ya mutu bai iya faɗa wa wata bazawara yana sonta ba, wanda ya ci babbar lambar bikin finafinai na Venice a 1958. Ya je har Meziko ya fito a ɗan ƙauyen can a Ánimas Trujano, ya haddace zancensa da Sifaniyanci ba tare da yana jin harshen ba, fim ɗin ya shiga takarar Oscar. Duk waɗannan babu Kurosawa a kusa.

Ba na musun cewa finafinai 16 da suka yi tare su ne ƙololuwar aikinsa. Rashomon ne ya ci babbar lambar Venice a 1951 ya buɗe wa finafinan Japan ƙofar duniya, kuma sau biyu da Mifune ya ci gwarzon ɗan wasa a Venice, a 1961 da 1965, duk a finafinan Kurosawa ne. Shi kansa ya sha nuna cewa ayyukan da yake alfahari da su su ne waɗannan. Sai dai wannan ladabi ne irin wanda mu ma muka sani, na mutumin da ba ya ɗaga kansa a gaban na gaba da shi. Ba a kama tawali'un mutum a mai da shi shaida a kansa.

To me ya raba su? Ba a yi baram-baram a bainar jama'a ba. Abin da ya faru ya fi haka sanyi, kuma kuɗi na cikinsa. A 1958 an sayar da tikitin silima sama da biliyan 1.1 a Japan. Talabijin ta shigo gidaje, zuwa 1970 abin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba. Manyan kamfanoni suka fara tsuke bakin aljihu suna rage ma'aikata. A farkon shekarun 1960 Mifune ya kafa nasa kamfanin, ya yi fim na farko a 1963, wanda shi ya ba da umarni da kansa, ya ga ba fanninsa ba ne bai sake ba. Yanzu ya zama mai biyan albashi. Ana cikin haka aka shiga aikin Akahige, wato Jan Gemu, inda ya fito a babban likitan asibitin talakawa. Aikin fim ɗin ya ci kusan shekara biyu, Kurosawa kuma bai yarda da gemun manne ba, sai na gaske. Mutumin da ya saba yin fim uku ko huɗu a shekara ya zauna yana kiwon gemu, ba damar karɓar wani aiki, ga ma'aikata suna jiran ƙarshen wata. Abin haushin ma, fim ɗin baƙi da fari ne, ba ɗan kallon da ya taɓa ganin jan gemun. Bayan an gama, Kurosawa bai sake kiransa ba, shi kuma bai zauna jiran kira ba.

Da ya zauna fa? Lissafin a fili yake. Daga 1948 zuwa 1965 Kurosawa ya yi fim 17, ɗaya ne kawai babu Mifune. Daga 1965 har ya mutu, bakwai ya yi. Ya shiga aikin wani fim ɗin yaƙi da Amurkawa aka sallame shi. Wanda ya fitar a 1970 bai yi kasuwa ba, a ƙarshen 1971 ya yi yunƙurin kashe kansa. Na 1975 da kuɗin Tarayyar Sobiyet aka yi shi, na 1980 sai da daraktocin Amurka George Lucas da Francis Ford Coppola suka sa baki aka samu cikon kuɗi, na 1985 da kuɗin Faransa. Fim ɗaya duk shekara biyar. Wane mai iyali ne, wane mai kamfani ne, zai naɗe hannu yana jiran aikin da ke zuwa sau ɗaya a shekara biyar? Kuma ban taɓa jin an ce Kurosawa daraktan Mifune ne, ranar da ya rasa jaruminsa ranar ya shiga wahala ba, alhali in son zuciya za a bi, lissafin ya fi goyon bayan wannan.

In kuwa bashi ake magana, ya biya da jikinsa. A ƙarshen Kumonosu-jo na 1957, wanda aka gina a kan Macbeth na Shakespeare, sojojinsa sun juya masa baya suna yi masa ruwan kibau. Kibau na gaske ne, ƙwararrun maharba ke sako su suna kafewa a katako dab da jikinsa. Wurwurga hannun da yake yi yana ture su, alama ce yake ba maharban ta inda zai nufa. Tsoron da ke fuskarsa ba na wasa ba ne. Yaƙin ƙarshe na Samurai Bakwai kuwa cikin hunturu aka ɗauke shi, ana feso ruwa, taɓo har gwiwa, shi kuma kusan tsirara. Wanda ya yi maka wannan shekara 17, me kuma kake bin sa?

Ga dalilin zafin da na ce zan faɗa. Ni ma ɗan shagon hoto ne. Shekara takwas na yi a hannun maigidana, tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu da jan ƙwai. Ni ke share shago, ni ke rataya jakar kamara zuwa gidajen biki, ni ke kwana ina shanya fasfo ɗin 'yan makaranta a igiya in lokacin rajistar jarrabawa ya zo. Ya koya mini abin da ban sani ba, kuma har gobe in na gan shi sai na durƙusa. Da na yi aure, matata ta samu ciki, abin da yake ba ni ba ya kai mu tsakiyar wata, na je na same shi na ce, "Maigida, ina neman izini in buɗe nawa." Bai ɗago kai daga abin da yake yankawa ba ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Kafin mako ya zagayo duk layin an san na ci amanarsa. Shekaru bayan haka mutum zai ɗauki hoton da na yi ya juya shi ya ce, "Kai, hannun wane ba ya ɓuya." Hannuna ne. Muna da kalmomi birjik na zagin yaron da ya tafi: butulu, maci amana, ya ga ya yi fiffike. Ban san ko ɗaya da muka ware wa ubangidan da ya ƙi yaye yaronsa ba. A masana'antar fim ta Kano ma, da zarar matashi ya fara tashe tambayar farko ita ce yaron waye, kuma ranar da ya yi aiki da wani gida ranar za a fara ƙus-ƙus.

A Japan ta wancan zamani abin har a rubuce yake. A 1953 manyan kamfanonin fim biyar suka ƙulla yarjejeniyar cewa ba mai ɗaukar ɗan wasan wani. Wanda ya yi tawaye sai duk su rufe masa ƙofa. Fujiko Yamamoto, tauraruwar kamfanin Daiei, ta nemi 'yancinta a 1963, ba ta sake fitowa a fim ɗin silima ba har yau, sai talabijin da dandamali. Cikin wannan yanayi Mifune na Toho ya haɗa kai da ɗan wasa Yujiro Ishihara na kamfanin Nikkatsu, kowa da ƙaramin kamfaninsa, suka yi Kurobe no Taiyo a 1968, labarin masu haƙa ramin dutse don gina madatsar ruwa ta Kurobe. An yi ƙoƙarin hana su, suka dage, fim ɗin ya fi kowane fim ɗin Japan kasuwa a shekarar. Wanda ake cewa ya ƙare a 1965, shi ne bayan shekara uku yana cikin masu tsaga bangon da ya tsare 'yan wasa.

Kafin nan ma, a 1967, kamfaninsa ya yi Joi-uchi tare da darakta Masaki Kobayashi. Ya fito a wani dattijon barde da ya shekara ashirin yana sunkuyar da kai, a fada da kuma a gida. Sarki ya gaji da wata ƙwarƙwararsa ya tilasta wa ɗan dattijon ya aure ta. Suka karɓa ba don suna so ba, sai Allah ya haɗa jinin ma'auratan, har suka haifi 'ya. Kwatsam magajin sarki ya mutu, ɗan da matar ta haifa wa sarki ya zama magaji, aka aiko a mayar da ita fada. Dattijon ya ce a'a. Fiye da rabin fim ɗin Mifune a zaune yake, gwiwa a naɗe, murya ƙasa-ƙasa, kana dai ganin wuta na ci a ƙarƙashin toka. Mujallar Kinema Junpo ta zaɓe shi fim mafi kyau na shekarar. Ba zan ce da gangan ya zaɓi labarin bara da ya ce wa ubangijinsa a'a ba, amma duk lokacin da na kalla sai na yi murmushi.

Ya yi finafinan banza? Ƙwarai kuwa, da yawa. Cikin sama da fim 150 dole a samu ƙaiƙayi, kuma nasa ya fi yawa a shekarun 1970. Turawa sun riƙa kiransa duk lokacin da suke neman Bajapane mai kwarjini ya tsaya ƙiƙam cikin kaki ko kimono. A Grand Prix na 1966 da Midway na 1976 har muryarsa aka cire aka sa ta wani Ba'amurke, wanda a wurina kamar a sayi goro ne a zubar da ɗacin. Kamfaninsa ya koma yin wasannin talabijin na mako-mako don a samu na albashi. Shogun na 1980 ya sa Amurkawa da yawa suka san fuskarsa, amma ba ya cikin abin da zan nuna wa baƙo. Shi kansa ba waliyyi ba ne, ya sha giya fiye da kima, rikicin aurensa kuma ya daɗe a kotu da jaridu. Duk na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a ce rabuwa da mutum ɗaya ce ta jawo haka, alhali masana'antar ce gaba ɗaya ta durƙushe, ta danne darakta da ɗan wasa tare. Takashi Shimura bai je ko'ina ba, fim 21 ya yi wa Kurosawa, kuma biyayyar ba ta hana rawar da ake ba shi yin ta ƙanƙancewa ba har ta koma leƙowa.

Mifune ya mutu ranar 24 ga Disamba 1997 a Tokyo yana da shekara 77, bayan ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Kurosawa ya bi shi a Satumba 1998, ko shekara ba a yi ba.

Shekara goma kafin mutuwarsa, a 1987, darakta Yoji Yamada ya sa shi a ɗaya daga cikin jerin finafinan barkwanci na Tora-san. Ya fito a tsohon likitan dabbobi a Shiretoko, can ƙuryar Hokkaido, matarsa ta mutu, ya yi faɗa da 'yarsa, gidansa kaca-kaca, ba ya iya yi wa kowa magana sai da tsawa. Akwai wata mai ɗan shagon shaye-shaye da ke kula da shi, shi kuma ko na gode ba ya cewa. Keiko Awaji ce ta fito a matar, wadda tana 'yar shekara 16 ta fito tare da shi a Nora Inu na 1949, shi ɗan sandan da aka sace wa bindiga, ita 'yar rawa. Shekara 38 ke nan tsakani. A wani taron cin abinci a fili matar ta sanar cewa za ta rufe shago ta koma garinsu. Tsohon ya ce bai yarda ba. Aka ce ya faɗi dalili. Ya tsaya yana muzurai, baki na motsi magana ta ƙi fita, mutumin da ya sare mutum goma cikin ƙiftawar ido a Yojimbo ya rasa inda zai sa hannuwansa. Can sai ya daka tsawa, kamar mai ba soja umarni, cewa sonta yake yi. Matar ta rufe fuska ta fashe da kuka.

Na tura wa abokina wannan yanki bayan sallah, ban rubuta komai a ƙasa ba. Da daddare ya kira ni, na ji muryarsa ta ɗan canza. Ya ce, "Malam, wannan kuma wane fim ɗin Kurosawa ne?"